Zaɓe da zubar da jini: ina iyakar damuwar ƙasashen waje?

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato a Najeriya, sai mu ji ofisoshin jakadanci suna gargaɗi, bayan an gama kuma rahotanni su biyo baya. Waɗansu cikinmu suna kiran wannan shisshigi, waɗansu kuwa suna jiran Turai ko Amurka ta ƙwato musu haƙƙinsu. Tun da 2027 tana tafe, 'yan'uwa, ya kamata mu auna abin da wannan damuwa take iya yi mana.

Mu tuna da 2011. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu, tarzoma ta ɓarke a jihohi 12 na Arewa, har da maƙwabtanmu Neja, Sakkwato da Zamfara. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku, an raba sama da 65,000 da gidajensu. An ƙone majami'u, an ƙone masallatai. An kashe Kirista a biranen da Musulmi suka fi yawa, an kashe ɗaruruwan Musulmi a kudancin Kaduna. Gwamnati ta kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu, ya miƙa rahotonsa, amma kaɗan ne suka fuskanci hukunci.

A 2023 jinin bai kai haka ba, amma ƙorafin bai ƙare ba. Bayan zaɓen 25 ga Fabrairu, Atiku Abubakar da Peter Obi sun ƙalubalanci nasarar Bola Tinubu har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da ita ranar 26 ga Oktoba. Tawagar Tarayyar Turai ta yi magana a kan tsoratar da masu jefa ƙuri'a, da jinkirin ɗora sakamako a intanet, da rashin hukunta masu laifi. Fadar shugaban ƙasa ta yi watsi da rahoton. A watan Mayu Amurka ta ce ta hana waɗansu biza, ba ta faɗi sunayensu ba. Mu ma a Kebbi mun ɗanɗana: an ce zaɓen gwamna na 18 ga Maris bai kammala ba, domin ƙuri'un rumfunan da aka soke sun fi ratar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu, sai da aka koma ranar 15 ga Afrilu.

Amfanin waɗannan rahotanni shi ne shaida. Suna ajiye abin da ya faru a rubuce, yadda mai iko ba zai share shi ba, kuma ɗan siyasar da ke da gida ko 'ya'ya a waje yana tsoron a rufe masa ƙofa. Iyakarsu ke nan. Rahoto ba ya kama mutum, ba ya gurfanar da shi. Tawagar Turai ta zo da masu sa ido 110, alhali rumfunan zaɓe sun wuce 176,000. Wa zai ga abin da ya faru a rumfar da sai an shiga kwalekwale a tafkin Kainji kafin a kai gare ta? Mutanen wurin ne kaɗai.

Ciwon yana gida. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman mai hukunta laifofin zaɓe, aka yi zaɓe huɗu bayan nan ba a kafa ta ba. Wanda ya ga an yi jiya an kwana lafiya, gobe zai sake. Maganin ma yana gida. A 2015 Kofi Annan ya halarci yarjejeniyar zaman lafiya ta Abuja, amma waɗanda suka riƙa bin 'yan takara har aka sauka lafiya su ne Janar Abdulsalami Abubakar, da Bishop Matthew Kukah, da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar.

Yauri, Ngaski da Shanga kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai. Duk mai neman ta, mu tambaye shi matsayinsa a kan wannan hukuma. Ranar zaɓe mu tsaya a ƙirga a gabanmu, mu rubuta abin da muka gani, ko da ɗan jam'iyyarmu ne ya yi laifin. Fastoci da limamai su zauna tare tun yanzu, kada a jira sai hayaƙi ya tashi. Iyaye kuma su hana 'ya'yansu shiga banga, gama yaron da aka ba kuɗi da makami shi ne yakan fara mutuwa, wanda ya aike shi kuwa yana gida.