Doki dubu a bidiyo, tsagewar inji a kan titi

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a YouTube ya saba da wannan kirari: injin kaza yana ɗaukar ƙarfin doki dubu ba tare da an canja masa bulok ba. Masu gyaran mota don gudu a Amurka da Japan sun mayar da irin waɗannan lambobi tamkar doka. Bai kamata mai motar hawa ta yau da kullum ya kashe kuɗinsa a kansu ba.

Bulok shi ne gangar jikin inji, inda silinda suke, kuma shi ke riƙe da karanshaf daga ƙasa. Duk fashewar mai da ta tura fistin ƙasa, da ƙarfi iri ɗaya take tura kan inji sama, bulok kuwa yana tsakiya ana jan sa ta fuska biyu. Idan aka ɗora turbo, iska da mai sun ƙaru, jan ma ya ƙaru.

Injin Ford 302 mai lita 5.0, wanda ke cikin Mustang ta 1987, ya fito da doki 225. An zuba bulok ɗinsa da siraran bango don rage nauyi, kuma ƙusoshi biyu kacal ke ɗaure kowane murfin da ke riƙe karanshaf. Makanikai a Amurka sun san halinsa: da zarar an tunkari doki 500, yakan tsage ta tsakiya, wani lokaci ya rabe gida biyu. Fistin da konrod masu tsada ba sa hana hakan, domin ba su ne masu rauni ba.

Toyota 2JZ-GTE na Supra ta 1993 shi ne akasinsa. Silinda shida a jere, lita 3.0, bulok na baƙin ƙarfe mai kauri, karanshaf na zaune a kan mazauni bakwai. A Amurka an sayar da shi da doki 320, kuma gaskiya ne an sha ninka wannan ƙarfi sau biyu ko uku a kan bulok na asali. Sunan da ya yi, musamman bayan fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, ba na banza ba ne.

Sai dai a nan ruɗin yake. Abin da ke fasa bulok shi ne matsin da ke cikin silinda, shi kuwa adadin doki lissafi ne kawai na ƙarfin juyi da saurin juyawa. Injuna biyu za su iya ba da doki 700, amma wanda ya kawo ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali ya fi shan wahala. Ga kuma fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba, wadda fetur mara inganci ko saitin kwamfuta na ganganci ke jawowa. Wannan kaɗai kan lalata injin da bai ko kusanci iyakar da ake yayatawa ba.

Sannan ƙarfe yana gajiya. Gwaji a kan na'urar auna ƙarfi daƙiƙu kaɗan ne, tseren mita 402 ma haka. Motar titi kuwa za ta yi zafi ta huce sau dubbai, ta tsaya a cunkoso, ta sha man gidajen mai daban-daban. Tsaga ƙarama takan fara a ɓoye ta yi ta girma. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe wannan matsala, shi ya sa masu Subaru EJ25 kan biya a cike musu ratar da ke kewaye da saman silinda kafin su ƙara matsin turbo.

Masu kare waɗannan lambobi za su ce ai ga motocin nan suna yawo. Haka ne, amma wanda injinsa ya tarwatse a wata na uku ba kasafai yake ɗora bidiyo ba, sai labarin waɗanda suka tsira ake ji.

Mai son doki 500 a Mustang irin ta da, gara ya fara da sayen bulok mai kauri irin na kamfanin Dart, ko da hakan zai sa turbo ya jira wata shekara. Mai Supra kuma da ya tsaya a doki 600 da saiti mai tsafta ya fi kusa da komawa gida da injinsa lafiya fiye da mai farautar dubu.