Wanda Ya Tura Saƙo, Shi Ma Ya Rubuta Magani



A tagar da nake ba da magani a asibiti, akwai tambayar da nake yi wa duk mai hawan jini ko ciwon suga idan ya miƙo takardarsa: "Na wancan watan ya ƙare?" Lissafi nake yi. Idan na ba mutum ƙwaya talatin, ya dawo bayan kwana talatin ya ce saura ashirin, na san akwai magana a ƙasa. A da, amsar ba ta wuce mantuwa ko tafiya ko rashin kuɗi. A 'yan shekarun nan wata amsa ta shigo, kuma tana neman danne sauran: "Ai wani abu na ji a waya."

Akwai wani dattijo da ya shekara biyu yana karɓar amlodifin a wajena, ƙwaya ɗaya kullum, jininsa zaune lafiya. Sai na daina ganinsa. Bayan wata uku ya dawo, babban ɗansa riƙe da shi, yana jan ƙafar hagu, bakinsa ya ɗan karkace. An kwantar da shi mako biyu saboda shanyewar ɓarin jiki. Da na gaishe shi na ce, "Baba, me ya raba ka da maganinka?" sai ya sunkuyar da kai, ɗan ya ciro waya ya kunna mini wani saƙon murya. Minti bakwai ne. Mai maganar ya fara da sallama, muryarsa a natse, Hausarsa tsaf. Ya ce shi likita ne da ya yi aiki a ƙasar waje, bai faɗi sunansa ba balle asibitinsa. Ya ce maganin hawan jini na asibiti shi ke kashe ƙodar mutane, a bar shi a koma tafarnuwa da lemon tsami da ruwan ɗumi kowace safiya. Ya rufe da cewa a tura wa 'yan uwa don Allah, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Na tambayi wanda ya turo. Ɗan ya ce, "Ƙanwata ce, wadda ke aure a wani gari. Ita ce ma ke biya masa kuɗin maganin."

Wannan amsa ce ta sa na zauna rubuta wannan maƙala. Baba bai san mai muryar ba, kuma da a kasuwa ya gamu da shi yana wannan bayani, da wuya ya tsaya saurare. 'Yarsa ya yarda da ita. Saƙon ya shiga gidansa ne da sunanta da hotonta, da duk amanar da ke tsakanin uba da 'yar da ba ta taɓa cutar da shi ba. Abin da nake so ka riƙe, mai karatu, shi ne duk lokacin da ka danna ka tura saƙon magani zuwa zauren dangi, ka sa masa hannu ke nan. A asibiti, takardar magani ba ta aiki sai da sa hannun likita, kuma idan ta cutar, an san wanda za a tuhuma. A waya kai ne mai sa hannun, kuma waɗanda za su sha abin da ka rubuta su ne mafi kusa da kai.

Mun taɓa ganin wannan a faɗin ƙasa baki ɗaya. A ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Kafin a cika mako uku, a farkon watan Agusta, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi kuma ya sha kafin gari ya waye. Ina ɗalibi a lokacin. Mahaifiyata ta kira ni kafin asuba, muryarta na rawa, ta ce in tashi in nemi gishiri. Ita ma ƙanwarta ce ta tashe ta. Babu wanda ya yi wa wani ƙarya da gangan a wannan jeri, kowa ceton nasa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa aƙalla mutum biyu sun mutu sakamakon shan ruwan gishirin, an kuma kwantar da wasu da dama a asibiti. Gishiri mai yawa a jini yana zuƙe ruwa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana tayar da hawan jini, yana ɗora wa ƙoda nauyin da ba za ta iya ba. Ita kuwa Ebola ta taɓa jini da sauran ruwan jikin majiyyaci ko gawarsa ake ɗaukarta, ba ruwanta da gishiri. Cutar ta tsaya a Legas da Fatakwal, ta kama mutum ashirin, takwas suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana Sawyer barin asibiti. A ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da ita. Ebola ba ta taɓa tako Arewa ba, amma saƙon gishiri ya shiga kusan kowace unguwa.

Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma bayan ta wuce kowa ya yi dariyar kansa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce gaskiyar da aka yanke wa jela. A watan Yunin 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka sanar da cewa deksametason, tsohon magani mai araha, yana rage mace-macen masu cutar korona. Gaskiya ne. Ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin waɗanda aka sa wa iskar oksijin. Amma binciken nan dai ya nuna ba ya amfanar wanda ciwonsa bai kai ga buƙatar oksijin ba. Kanun labarin da ya iso wayoyinmu ya tsaya ne a "an samo maganin korona". A makon nan mutane lafiyayyu suka riƙa zuwa tagata suna tambayar deksa don rigakafi. To, wannan magani aikinsa danne garkuwar jiki, shi ya sa yake taimakon wanda garkuwarsa ta haukace tana ɓarna a huhunsa. Lafiyayyen da ya sha shi ya buɗe wa cututtuka ƙofa. Idan aka daɗe ana sha yana tayar da suga da hawan jini, yana kumbura fuska, yana raunana ƙashi, kuma wanda ya saba da shi ba ya dainawa farat ɗaya sai a hankali, ƙarƙashin kulawar likita. Shi ne dai ake cusawa cikin magungunan ƙiba da ake tallata wa 'yan mata a TikTok da Facebook, su ga kumatu sun ciko su ɗauka lafiya ce. Wata uku kafin wannan, da Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi kulorokwin a bainar jama'a, hukumomin lafiya a Legas sun ba da rahoton kwantar da mutanen da suka sha shi fiye da ƙima. Daga baya bincike ya nuna bai ceci masu korona ba.

Mu koma kan maganar ƙoda, domin na san saƙon nan yana cikin wayoyin da yawa daga cikinku. Me ya sa yake shiga rai? Saboda kowa ya san wani da ya daɗe yana shan maganin hawan jini, daga baya aka ce ƙodarsa ta lalace. Ido ya ga abu biyu tare, sai zuciya ta ɗaura su. Amma hawan jini da ciwon suga su ne manyan abubuwan da ke kai mutane wankin ƙoda. Ƙoda matata ce mai siraran jijiyoyi, jinin da ke bugunta da ƙarfi shekara da shekaru yana lalata su ba tare da mutum ya ji ciwo ba. Sau da yawa kafin a gano hawan jinin ɓarnar ta riga ta fara, maganin kuwa rage mata gudu yake yi. Akwai ma magungunan hawan jini, irin su lisinofiril, da ake zaɓa wa mai suga musamman don su kare masa ƙoda, ko da yake ana bin su da gwajin jini. Idan ana neman ƙwayoyin da ke cutar da ƙoda a gidajenmu, a duba dikulofenak da ibufurofen da ake saye a kyamis ana sha kullum don ciwon jiki, da haɗe-haɗen da babu wanda ya san abin da ke cikinsu. Ban taɓa jin saƙon murya na minti bakwai a kansu ba.

Ba na raina tafarnuwa, kuma ba na raina zoɓo, wanda wasu ƙananan bincike suka nuna yana ɗan sauke jini idan ba a cika masa suga ba. Abinci ne masu amfani. Sai dai ɗan saukin da suke kawowa bai kai ya riƙe jinin mutum irin Baba ba, kuma hawan jini ba ya sallama. Mutum zai bar magani ya yi mako shida garau, ya ce ga shi ya warke, har ya tura wa wasu shaidarsa. Ranar da jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, babu mai komawa zauren ya gyara labarin.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma'aikatan lafiya muna da namu kason. Majiyyaci ya yi awa huɗu a layi, ya samu minti uku da likita, ya iso tagata in ce masa "ɗaya da safe" in kira na gaba. Bai samu wanda ya gaya masa dalilin da zai sha ƙwayar nan har ƙarshen rayuwarsa ba, ko abin da zai yi idan ƙafarsa ta ɗan kumbura, wanda amlodifin kan jawo wa wasu. Mai saƙon murya kuwa ya ba shi minti bakwai cikin harshensa, da ladabi da addu'a, kuma kyauta, a lokacin da kuɗin magani ya ninka. Na tuna ranar ƙarshe da Baba ya zo kafin ya ɓace, ya tsaya kamar zai yi magana, na ga tsawon layi na ce masa sai wani watan. Wannan yana damuna har yau.

Saboda haka ba cewa nake yi ka ajiye waya ba. Ni ma a can nake karanta labarai, kuma ta waya ake sanar da iyaye ranakun rigakafi da ɓarkewar cututtuka irin mashaƙo. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Idan saƙo ya zo, duba wane ne mai maganar, sunansa da inda yake aiki. Likitan da ba shi da suna ba likita ba ne. Idan ka ga kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp, alama ce ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, kuma wanda ya turo maka bai san tushensa ba. Kamfanin da kansa ya taƙaita tura irin wannan saƙo zuwa wuri ɗaya a lokaci guda tun watan Afrilun 2020, saboda yawan jita-jitar korona. Idan labarin jarida ne, buɗe shi ka karanta har ƙarshe, ka duba kwanan watansa, domin sharaɗin yakan ɓuya ne a sakin layi na huɗu. Maganin da aka ce yana warkar da suga da basir da sanyi da ciwon daji gaba ɗaya, a ƙarshe kuma ga lambar waya da lambar asusun banki, talla ce. Ko lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya, abin da take nufi shi ne an duba amincinsa ga mai sha, ba a tabbatar da duk abin da mai shi ya ce yana warkarwa ba.

Akwai layi ɗaya da nake so kowane gida ya ja. Duk saƙon da ya ce a daina maganin da likita ya ɗora mutum a kai, na hawan jini ne, ko suga, ko farfaɗiya, ko tarin fuka, ko na ƙanjamau, kada a tura shi kuma kada a yi aiki da shi sai an kai shi gaban ma'aikacin lafiya. Zo da wayar, ka kunna mana mu ji. Zo da kwalbar ko ƙullin, ba za mu yi maka faɗa ba, kuma idan ɗayanmu ya yi, nemi wani. Wasu tsirran suna karo da magungunan asibiti. Tafarnuwa mai yawa, alal misali, tana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini, don haka muna buƙatar sanin duk abin da kake sha. Idan kuma dattijo ne a dangi ya turo saƙon, na san nauyin musa masa a gaban jama'a. Kira shi a gefe, ka gaishe shi, ka ce ka tambaya a asibiti ga abin da aka ce. Yawancin iyayenmu suna karɓar gyara idan ba a kunyata su ba.

Baba yana zuwa yanzu kowane wata, da sanda. Hannun hagun bai dawo daidai ba, amma yana iya yin alwala da kansa. A zuwan da ya gabata 'yar ce ta rako shi. Ta tsaya daga baya har ya karɓi maganinsa, sannan ta matso ta miƙo mini wayarta ta tagar, ta ce, "Likita, ga wani an turo jiya a kan ciwon suga. Surukata na da shi. Don Allah saurara ka gaya mini." Layin ya kai bakin ƙofa. Na ce wa na bayanta su yi mini haƙuri, na kunna.