Majigi ya sauya: me Kelle za ta samu?

Zamanin majigin zare ya wuce. A da, fim ɗaya nadi-nadi ne masu nauyi, sai an ɗauko su da mota daga Yamai, zafi da ƙura suna cinye su. Yanzu fim yana shiga aljihu, cikin ɗan katin waya.

A 2015 bikin FESPACO na Wagadugu ya fara karɓar finafinan dijital a babbar gasarsa. A 2017 aka buɗe silimar Canal Olympia a Yamai, mai kujeru 300, tana aiki da hasken rana.

Ga gari irin Kelle, ribar a fili take. Ƙaramar na'ura, farin ƙyalle da faranti mai hasken rana sun isa a tara jama'a a dandali.

To amma me za a haska? Finafinan Umaru Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, a kan zare aka ɗauke su. Duk tsohon fim ɗin da ba a juya zuwa dijital ba, sabon majigi ba ya karanta shi, yaranmu kuma ba za su gan shi ba. Wannan aiki yana jiran hukumomin al'adu.