Wasiƙar Shaida: Ba Yawa Ake Nema Ba

Daga Oktoba zuwa farkon Janairu, lokacin da manyan jami'o'in Amurka ke karɓar takardun masu neman gurbin karatu, wasu daga cikin membobinmu na sakandare kan sami kansu da aikin da babu shi a jadawali, wato rubuta wa ɗalibai wasiƙar shaida. JAMB ba ta neman irin wannan wasiƙa, maki take dubawa. Shi ya sa iyaye da yawa kan tunkari lamarin da dabarar da suka sani ta neman aiki: hakimi ya rubuta, ɗan majalisa ya rubuta, a haɗa da na malamai a aika, wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A ganinmu wannan kuskure ne, kuma a kan yaron yake ƙarewa.

Kowace jami'a ta faɗi abin da take so. Harvard wasiƙun malamai biyu take nema, tare da rahoton makaranta. MIT ma biyu, amma ta ce ɗaya ta fito daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗayar kuma daga na harshe, tarihi ko makamancinsu. Stanford ta yarda a ƙara guda ɗaya tak ga wanda ya so. A Birtaniya kuwa, tsarin UCAS shaida ɗaya yake karɓa. Ɗalibin da aka ce ya kawo biyu ya turo bakwai, abin da ya fara nunawa shi ne bai karanta umarni ba.

A tuna kuma da mai karantawar. A 2023 sama da mutum 50,000 suka nemi Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 4 cikin 100 ba. Jami'in da ke gaban irin wannan tsibi ba shi da lokacin sha'awar hatimi. Bai san sarautar mai sa hannun ba, ko da ya sani ma ba ita ya tambaya ba. So yake ya ji yadda yarinyar ke tunani idan lissafi ya ƙi fita, da irin tambayar da take yi a aji, da yadda ta ci gaba da karatu a zangon da gidansu ya shiga matsi. Wannan sai wanda ya tsaya gaban allo ya gani da idonsa. Babban mutumin da bai taɓa zama da ita ba, iyakarsa ya ce 'yar gidan mutunci ce mai ladabi, wanda kowa ma ana faɗa masa haka.

Ba mu ce ƙarin wasiƙa haramun ba ne. Idan jami'ar ta ba da dama, kuma akwai wanda ya san wani ɓangare na yaron da aji bai sani ba, kamar malamin da ya yi masa hadda ko maigidan da ya koya masa gyaran waya, to a ƙara wannan ɗayar.

Sauran maganar tamu ce, mu malamai. Tunda wasiƙa biyu ce za ta tsaya wa yaro, wajibi ne ta zama ta gaskiya. Kada mu sa hannu a kan abin da ɗalibi ko wani dillali ya rubuta ya kawo mana. Kada mu shaidi wanda ba mu koyar ba, ko da daga ofishin shugaban makaranta roƙon ya fito. Duk memban da aka matsa wa a kan haka ya sanar da reshe. Kuma ba a karɓar ko kwabo a kanta.

Iyaye su taimaka da sanar da malami aƙalla wata guda kafin ranar rufewa, musamman masu neman zagayen farko, wanda a jami'o'i da yawa yake rufewa 1 ga Nuwamba. Shugabannin makarantu kuma muna roƙon su ware wa mai rubutun lokaci da kwamfuta mai intanet, domin yawancin jami'o'in malamin ne da kansa ke tura wasiƙar, ba ɗalibin ba.