RA'AYINMU: Annobar Ƙwaya a Ƙasar Shinkafi



Ya 'yan'uwa Musulmi, a watan Oktoba na 1999 aka yi shelar Shari'a a Gusau, aka rufe gidajen giya, jama'a suka yi kabbara. To amma maye bai bar Zamfara ba, kwalba kawai ya sake. Abin da a da sai mutum ya ɓoye fuska kafin ya saya, yau ga shi a ƙaramin kemis da teburin mai talla, ana kiransa magani.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, a cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tiramadol kuwa, wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ko 100, 'yan fasa-ƙwauri mai 225 suke kawowa.

Yaron da ke dakon buhuna a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ɗan acaɓa, ko mai ƙwadago a gona, ba don nishaɗi ya fara ba. Ce masa aka yi ba zai gaji ba. Da jiki ya saba sai ɗaya ta daina yi masa, ya koma biyu, ya koma uku. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, da dannewar numfashi wadda ke ɗauke mutum cikin barci, musamman in an gauraya da kodin ko ƙwayar sa barci. Ranar da bai samu ba kuwa, sai zufa da ciwon gaɓoɓi da faɗa da mahaifiyarsa. Wani sai an kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kware.

Kada mu raba wannan da jinin da ake zubarwa tsakanin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Hukumar NDLEA ta sha kama ƙwayoyin da ake yi wa 'yan bindiga safara. Ba a daji ake yin ƙwayar nan ba. Daga cikin gari take fita, ta hannun wanda wataƙila sahu ɗaya muke tsayawa da shi. Malamai sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta kare, kuma hukuncin mai sa maye ba ya sauyawa don an zuba shi a kwalin magani.

Muna da gyara a namu ɓangaren. Tsinuwa a kan mumbari ba ta warkar da wanda jikinsa ya riga ya kamu, ɗaure shi da mari da bulala kuma zalunci ne, ba magani ba. Mai sayarwa shi ne abin tuhuma. Mai sha majinyaci ne da ke bukatar likita. Muna kira ga kwamitin kowane masallaci da ya san kemis nawa ne a unguwarsa, wanne ke da lasisi, ya miƙa sunan wanda ba shi da shi ga hukuma, ya kuma ware wani abu daga asusunsa domin kuɗin motar kai majinyata Kware.