Daga Bakolori Zuwa Yau: Wa Ya Halatta Gonar Talaka?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan uwa Musulmi, duk wanda aka raba da gonarsa an raba shi da abincinsa, da gadon 'ya'yansa, da maƙabartar iyayensa, da masallacin da ya koyi salla a cikinsa. Shi ya sa a Suratul Baƙara, aya ta 84, Allah Maɗaukakin Sarki Ya haɗa hanin fitar da mutane daga gidajensu da hanin zubar da jini. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito gargaɗin Manzon Allah (SAW) mai tsanani ga wanda ya ƙwaci ƙasa, ko da gwargwadon taƙi ɗaya ne.

To, mu tuna Bakolori. A 1978 aka kammala madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. A shekarar ne kuma mulkin soja ya kafa dokar da ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu, dubban manoma suka tashi, diyya ta zama ta jeka ka dawo. Da suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta amsa mutuwar mutum 20 da 'yan kai, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne.

Masu kare wannan ta'asa suna cewa ai maslahar jama'a ce. Wace maslaha? Shari'a ta yarda a karɓi fili don buƙatar al'umma, amma da sharaɗin larura ta gaskiya da biyan ƙima cikakkiya. Harsashi ba ya cikin sharuɗɗan.

Yau jikokin waɗancan manoma a Jihar Zamfara suna barin ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, wasu sai sun biya haraji kafin su girbe abin da suka shuka. A Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka kwashe 'yan mata 279 daga makaranta a 2021. Hukumar da ta iya tara bindigogi a kan manomi mai fartanya, ina ƙarfinta ya shiga?

Malamanmu, mumbari amana ne. Ku faɗa wa masu mulki cewa gonar talaka haramun ce gare su kamar jininsa. Mu kuma mu buɗe ƙofofinmu ga waɗanda aka kora, kamar yadda Ansar suka yi wa Muhajirai.

Allah Ya isar wa raunana. Wassalamu alaikum.