Kafin tafiya, a nema wa kare gida

Kowace shekara, bayan an kai hatsi rumbu, mutanen Mai Yara da dama suna tafiya Najeriya, Aljeriya ko Libiya neman abinci. Wani har da iyalinsa yake tashi. Akuya a sayar, jaki a bar wa ɗan'uwa. Kare kuwa ba mai tunawa da shi.

A ganinmu wannan kuskure ne. Karen da ya daɗe yana tsaron garke da rumbu amana ne. In aka yar da shi, yunwa za ta sa shi yawo. Zai kama ƴan awakin maƙwabta, ya yi faɗa da dila ko wasu karnuka. Ta wurin cizo yake ɗauko ciwon hauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara. Kusan 4 cikin 10 yara ne. In alamunsa suka bayyana, babu magani.

Saboda haka, tun da sauran wata guda, mai tafiya ya nemi makiyayi ko mafarauci mai buƙatar kare. Ya tuntuɓi ma'aikatan kiwo na Dakoro a yi wa karen allurar rigakafi. Sabon mai shi ya riƙa ba shi abinci da hannunsa, don su saba. A sanar da maigari.

Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti. Rigakafi ya fi magani.